Salisu Mai Janareta a Bakin Get

Faɗana da Salisu a kan akwatin ƙarfe ne. Ranar da na ga ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya dire gaban Bala, babban yaron da ke koyon aiki a wurinsa, na bar waina a tanda na miƙe. Na ce, "Salisu, sammu aka yi maka?" Ya ce, "Inna Delu, ke dai ki ji da wainarki, wannan harkar ilimi ce." A gaban mutane!

Salisu ɗan unguwar Gobarau ne, ubansa maƙeri. Shi sai ya kama gyaran janareta da injin markaɗe, rumfarsa na jikin tawa. Inji ko ya shekara a mace, in ya shiga hannunsa sai ya yi tari ya tashi.

Sai gwamnati ta kewaye fili bayan unguwar Kambarawa, wai cibiyar kimiyya da fasaha. Masu manyan riguna suka zo suka ce za a ba makanikai irinsa shago da sababbin injuna. Salisu ya ga ya gama zaman bakin kwata. Ya yi abin da maigidan kirki ke yi: ya yaye Bala, ya ba shi rumfa da kaya kaf har sifana, aka shafa fatiha, aka raba goro. Kowa kuwa ya san kayan yaye ba sa komawa. Wanda ya karɓe ya yi amai ya lashe.

An buɗe wurin da kiɗa. Shagunan suka faɗa hannun 'ya'yan GRA masu kwamfuta, da wuta ta ƙi tsayawa suka garƙame suka yi gaba. Gwamnati ta canja, aka canja allo. Yanzu babban ɗakin cibiyar, biki ake yi a ciki. Filayen kewaye sun yi tsadar da manoman da aka tasa ko tayawa ba sa iyawa. Ci gaban ke nan!

Salisu fa? Kullum ya sa kaftani ya tafi bakin get ɗin cibiyar, maigadi ya ce oga bai shigo ba. Matarsa Haulat ta koma yi wa maƙwabta surfe. Bala ya sha zuwa har gida yana roƙo ya dawo rumfa. Salisu ya ce ina aka taɓa ganin maigida ya zauna ƙarƙashin yaronsa.

Jiya ya biyo ta gabana yana kau da kai daga rumfar. Na kira shi.

"Zo nan, ɗan harkar ilimi. Waɗanda suka yi maka ƙarya ba su ji kunya ba, suna can suna cin shinkafar biki a ɗakin kimiyya. Kai da aka cuta za ka ɗauke musu kunyar? Ga Bala can ya share maka benci. Cire kaftanin nan ka shiga, kafin Haulat ta ƙare a turmin mutane."