Muryar Inna a Memorin Rakoda

Oga Sani ya raina ni, kuma na faɗa masa a gaban idonsa. Shekara biyu ina shagonsa na gyaran waya a Maigatari, aikina goge gilashi da canza batir. Wai wadda ta fara ABCD tana da shekara talatin da huɗu ba ta isa ta zauna gaban kwamfuta ba. Alhali kwas ɗin da ya yi a Gumel shi na yi, malaminmu ma ɗaya.

Ranar da har yau take cikin raina wata Alhamis ce, ranar kasuwa, daminar bara waccan. Wani makiyayi daga wajen Sule Tankarkar, Malam Buba, ya kawo 'yar rakoda da ta faɗa kwamin shayar da shanu. Ya ce shi ba rakodar ta dame shi ba. Muryar mahaifiyarsa ce a ciki, tana lissafa kakanninsu da mashayar da suka bi, kuma ta rasu da azumi.

Oga ya ciro memorin, ya ɗora a na'urar karatu. Kwamfuta ta yi ja daga sama har ƙasa: kowane shafi ya lalace.

"Sai haƙuri, Malam," in ji shi. "Ruwa ya gama da ita. Bari in goge, ko memorin ya yi maka wani amfani."

Na ce, "Oga, ɗauke hannunka."

"Yaya Talatu, ga batir can yana jiranki."

"Ya jira. Ruwan da ya ci kowane shafi daidai wa daida, bai bar ko ɗaya ba, wane irin ruwa ne?"

Ku sababbin shiga sana'ar nan, ku ji yadda abin yake. Memori shafi-shafi ne. Kowane shafi akwai abin da aka ajiye, akwai kuma 'yan lambobin gyara da na'ura ke dubawa ta gane ko wani abu ya ɓaci, ta daidaita shi. To, ba wuri ɗaya kowa ke ajiye lambobin ba. Wata na'ura ƙarshen shafi take tara su. Wata tana raba shafin huɗu, kowane kashi da nasa a bayansa. Manhajar da ke karantawa, wadda muke kira direba, in ta leƙa inda ba nan suke ba, lafiyayye ma sai ta ce ya lalace.

Haka na yi wa Malam Buba bayani. Ya yi dariya ya ce, "Malama, ai kamar mai neman shaidar saniya a cinya ne, mu kuwa a kunne muke yi."

"Ka ji, Oga? Shi har ya gane."

Oga ya tashi yana ƙunƙuni, wai in na ɓata, ni zan yi bayani. Na fara kwafe memorin yadda yake, ban taɓa komai ba. Na bi shafin farko da yatsa a kan gilashi, a hankali, yadda na koyi karatu. Ga lambobin gyaran nan, sau huɗu. Na gyara wa direba lissafin wurin. Ja ya koma kore, sai shafi uku da suka ɓaci da gaske, biyu ma lambobin suka gyara su.

Sai ga muryar tsohuwa da Fulatanci, tana tari, tana faɗa wa wani ya kori akuya. Malam Buba ya durƙusa yana cewa "Inna, Inna," yana dariya, hawaye na zuba. Oga ya ce dama shi ma abin da yake shirin gwadawa ke nan. Na ce Allah ya ƙara basira.

Abin da na ɗauka a sana'ar nan: in na'ura ta ce komai ya lalace, fara tuhumar mai karatun, kuma kada ka goge abin da ba ka kwafe ba.

Washegari ban je shago ba. Na sayi rakoda, na hau motar Gagarawa, na zaunar da tawa tsohuwar a tabarma na ce, "Iya, fara daga kakarki."