Rumbun Tururuwa a Gindin Suri

Jiya da hantsi ina shanya a tsakar gida, cinnaka ya ɗalle ni a idon sawu. Na tsuguna na murje shi da yatsa, sai ɗan warin tsamin nan nasa ya bugi hancina. Ban ƙarasa shanyar ba. Wanda ya leƙo zai ce mace ce ƙwaro ya ciza ta zauna tana tsaki, ni kuwa tuni na koma gonarmu ta ƙauye, can wajen Bande.

Gonar yashi ce shimfiɗe iyakar ganinka, sai a kusurwar arewa akwai wani tsohon suri da gara ta daɗe da barinsa. Ruwa ya zaizaye shi har ya koma ɗan tudu, bai wuce ƙugun babban mutum ba, a gindinsa kuma ga ɗan kwari inda ruwa ke kwana bayan ko'ina ya tsotse. Wurin na Kaka ne, mahaifiyar babana. Kada ka ɗauka tsohuwa ce mai sanyin hali. Gajera ce, bakinta ya fi barkono, kuma ni ce 'yar rakiyarta, don duk gidan ni kaɗai ke iya rama mata baƙar magana.

Abin da ke wurin nan babu shi ko'ina a gonar. A saman tudun anza ce, ganyenta kore ko da tsakiyar rani. Gefen da rana ke duka ƙarangiya ce da burburwa, kuma nan tururuwa ta share fili fes ta yi gida, da hanyoyinta kamar na masu zuwa kasuwa. Gefen inuwa sabara ce, yaɗiya ta nannaɗe ta, ƙarƙashin saiwarta kuwa garin cinnaka ne, ko akuya ba ta yarda ta kwanta a nan. Kwarin shi ne na tafasa da lalo da gasaya, da jan kiyashi masu bin ganye. Taku kaɗan ne tsakaninsu, amma kowa da unguwarsa. In tururuwa ta ɓata hanya ta faɗa ta cinnaka, kafin ka ƙifta ido sun yayyaga ta, wannan ya ja ƙafa, wancan ya ja kai. Na sha kwanciya rub da ciki ina kallon wannan yanka, har in makara zuwa lakwal, wato makarantar boko.

Sai shekarar da fara ta sauka ta cinye geron tun yana tsaye. Babana ya tafi ci-rani Najeriya, shiru. Kafin bazara ko ɓera ya daina leƙa rumbunmu. Muka koma ga 'ya'yan anza, a jiƙa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Ƙanena, da ba a daɗe da yaye shi ba, ya kasa haɗiye ta. Cikinsa ya kumbura, gashinsa ya yi ja. Mata suka bazu daji da dagi da fartanya suna tonon gidajen tururuwa, don ita tana tara ƙwayar gero da ta ciyawa a ɗakuna ƙarƙashin ƙasa. Duk na dajin aka tone. Namu Kaka ta hana a taɓa.

"Wannan na yaron ne," in ji ta. "Sai ranar da babu."

Ranar ta zo, Inna ta kife tukunya ta zauna tana kallon yaron. Muka ɗauki dagi da faifai, ni da Kaka. Tun daga nesa muka hangi mutum a gindin surin. Wata doguwar mata ce da goyo, baƙuwa, ta riga ta fasa gidan, ƙwaryarta ta fara taruwa da ƙasa da hatsi.

"Ke baiwar Allah, gonar ubanki ce?"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Na tururuwa ne, Iya. Ba ke kika tara ba."

Kaka ta cafki bakin ƙwaryar, matar ta riƙe ɗaya bakin, suka ja. Sai matar ta juya fartanya ta zabga wa Kaka ƙotar a goshi. Har yau ina jin ƙarar, kamar an fasa gora. Kaka ta zube. Ni ban san lokacin da na ɗafe matar ba, na kafa haƙora a damtsenta har gishirin jini ya cika mini baki. Ta finciko ni ta gashi ta maka ni da ƙasa, haƙorina na gaba ya tafi. Ina tofar da yashi na ga Kaka ta miƙe, jini ya rufe mata ido ɗaya, ta sari matar da dagi a gwiwa. Matar ta yi baya-baya ta faɗa cikin sabara, daidai kan garin cinnaka.

Suka fito baƙi ƙirin kamar an tuntsurar da tukunyar baban rini. Suka hau ƙafafunta, suka shige zane, tana birgima tana ihu. Kaka ta tsaya a kanta ta ɗaga dagi da hannu biyu, ni kuwa ina cewa ta buga mata, ta buga. Sai hannun ya tsaya a sama.

"Goyon nan bai yi kuka ba," in ji Kaka.

Ta yar da dagin, ta kwance majanyin da ƙarfi. Yaron ƙashi ne da fata. Cinnaka a fatar idonsa, a kunnensa, a leɓensa, yana buɗe baki amma babu sauti, ƙarfin kukan ma babu. Kaka ta cire kallabinta da ya jiƙe da jini ta kakkaɓe shi. Suka durƙusa su biyu suna tsince masa ɗaya bayan ɗaya, babu mai kallon wata.

Da Kaka ta bakace abin da aka tono, bai kai rabin ƙwarya ba. Ta raba biyu. Na yi kukan baƙin ciki, na zage ta, ta ce in rufe mata baki mai giɓi. Matar ta ƙulle nata a gefen zane ta tafi tana ɗingishi, ba godiya, ba mu sake ganinta ba.

Rabin nan Inna ta yi ta dama wa ƙanena kunu, kaɗan-kaɗan, har ruwan farko ya sauka. Gonaki na nan fari fat lokacin da kwarin ya yi kore, muka ci tafasa da gasaya muka miƙe. Goshin Kaka ne ya ƙi warkewa. Ya ruɓe, ya hau mata ido, ta rasu kafin a yanke gero.

Yanzu ina aure a Magariya. Bara na je ƙauye da damina, na nemi surin na rasa. Ƙanen nawa, da gonar ta koma hannunsa, ya sa garmar shanu ya baje shi, ya cike kwarin, ya ƙara kunya uku ko huɗu na gero. Babu anza, babu sabara, gero kawai daga wannan iyaka zuwa waccan. Na zaunar da shi na ba shi labarin duka. Ya saurara, ya yi dariya, ya ce, "Haba Yaya, tururuwa fa?"

Na dubi damatsansa, ƙato lafiyayye, ga 'ya'yansa suna guje-guje tsakanin kunyoyi. Ban iya jin haushinsa ba, tsoro na ji. In fara ta sake sauka, ban san inda za su tona ba.