Ba Firgita Ba Ce, Maƙoƙo Ne

Assalamu alaikum jama'a. Wata goma sha ɗaya rabona da in rubuta komai a nan. Masu cigiyata ku yafe ni, hannun da zan danna waya da shi ne ya ƙi tsayawa.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kontagora. Bara, muna dawowa daga Kasuwan Garba, 'yan bindiga suka tare hanya a gabanmu. Direbanmu ya juya da mota, Allah ya tsare, ko ƙwarzane ban samu ba.

Bayan sati uku zuciyata ta fara bugawa kamar ana daka a ƙirjina. Gumi ko da gari ya yi sanyi. Ina cin tuwo malmala uku, amma wando na zamewa daga ƙugu. Sai hannu ya kama rawa.

Kowa ya ce firgita ce, ni ma na yarda. Wace unguwa ce babu wanda hanya ta dawo da shi ba daidai ba? Maiɗakina, Hajiya Ladi, ta ce, "Malam, tun ranar nan ba ka dawo gida duka ba." Aka yi rubutu na sha, aka yi hayaƙi, aka yi sadaka. Wata biyar muna maganin tsoro.

A lokacin matar babban yarona tana da ciki. Shi yaron ɗan farina ne, kun san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kunya ta hana. Shekara talatin ina ajiye wannan ɗauka, ina cewa jika zan yi wa. Sai ga shi kofin shayi ma ba ya kai bakina sai rabi ya zube a riga. Na fara tunanin ko zan ga jaririn, in ma na gan shi, wa zai miƙa wa mai rawar hannu ɗan kwana bakwai?

Ban faɗa wa kowa wannan ba.

Wata rana Danladi, manomi daga Auna da na daɗe ina sayen masararsa, ya same ni a shago na kwance rawani zan yi alwala. Ya ƙura wa wuyana ido.

"Maigida, mene ne wannan?"

"Firgita ce," na ce.

Ya yi dariya. "Yaushe 'yan bindiga suka fara kumbura wa mutum wuya? Matata ta yi irin wannan, ita kuwa ko ƙarar bindiga ba ta taɓa ji ba. Kai tsoho, tashi mu je asibiti kafin ka mutu ka bar ni da masara."

A asibiti an gwada sukari, an gwada tarin fuka, har ƙanjamau, saboda ramar da na yi. Duk babu. Wata likita ta ba ni ruwa ta ce in haɗiye, yatsunta a kan wuyana. Ta kama tsintsiyar hannuna tana ƙirga bugun jini.

"Baba, kana zaune amma zuciyarka gudu take yi. In aka bar ta haka za ta gaji."

Ta ce akwai wani ɗan nama a gaban maƙogwaro, shi ke kumbura ya zama maƙoƙo, shi ke saita zafin jiki da bugun zuciya. Tana zargin nawa ya wuce gona da iri. Amma sai an aika jinina Minna. Buhun masara biyu na sayar. Kwana tara muna jira, kullum Hajiya na leƙo ni ta ga ko ina numfashi.

Likitar ta ce suna bincike a kan masu wannan ciwo, in na yarda za su riƙa bin sakamakon jinina, in na ƙi ma za a yi mini magani. Na yarda. Wani ma'aikaci ya kawo takardar sa hannu, da ya ga hannuna na rawa, sai ya turo mini tawadar dangwale.

Ni da na shiga yaƙi da jahilci da furfura a gemu, don kada in ƙara dangwala yatsa a takarda? Na ce ya ba ni biro. Sunan ya fito kamar sawun kaza, amma ni na rubuta. A waje na juya bango na share hawaye.

Sakamako ya tabbatar da zarginta. Aka ba ni ƙwayoyi, aka ce kada in tsallake ko kwana ɗaya, in kuwa na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro in taho a ranar. Duk sati shida ana ɗibar jini. Wata na farko ban ga wani canji ba, har na kusa komawa hayaƙi. A na biyu shayi ya daina zuba.

Har yanzu ina shan magani. Amma jama'a, ranar Asabar aka yi suna a gidana!

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajiya, da likitar nan, da Danladi mai bakin tsiya.

'Yan uwa, addu'a ba ta hana awo. In kun ga rama alhali ana cin abinci, da gumi, da rawar hannu, ku duba wuya, ku nemi gwajin jini. Ba kowace cuta ce ta biyo mu daga daji ba. Masu rawani, ku riƙa kwancewa a gaban likita.

Mace aka samu. Da Hajiya ta fito da ita zaure ta ce, "Ga amaryarka, saura ka yar da ita in huta da raini." Na karɓa, na yi mata addu'a a kunne. Ubanta yana tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Ban kalle shi ba, shi ma bai kalle ni ba.

Aka ce in kawo ta za ta sha nono. Na ce su ɗan jira. Shekara talatin nake bin bashin wannan ɗauka, kuma hannun bai motsa ba.