Turin da Bai Zama Aiki Ba

Daga gida zuwa Sinnar

Tun kafin kiran assalatu ranar Asabar muka bar ƙauyenmu da ke bayan Abu Na'ama, ni da 'yata Sakina. Rufa'a muka nufa. Can ta yi makaranta a hannun gwaggonta kafin yaƙi, can kuma aka ce ta zauna jarrabawar gama sakandare. Takardar farko fiziya ce, wato kimiyyar ƙarfi da motsi, Litinin da ƙarfe takwas, kuma wanda ya rasa takarda ɗaya shekararsa ta tafi. Yarinyar nan ta daɗe tana jira, ita kaɗai take koya wa kanta a gindin darbejiya.

A cikin mota ma ba ta huta ba, littafi a cinya tana ta lissafi. Na ce ta ɗan gutsura mini abin da ke ciki.

"Baba, wanga babin shughul na, wato aiki. Ƙarfin da ka sa, a ninka shi da nisan da abin ya gusa. Ko ka wuni turin bango, in bai motsa ba, ba ka yi aiki ba."

"Wanda ya rubuta wanga bai taɓa riƙe fartanya ba," in ji ni. Mota ta kwashe da dariya, har direba.

A shingen shiga Sinnar aka sauke mu kaf, aka zazzage kaya, sai bayan magariba aka sallame mu. A tasha muka kwana da wake da burodi a ciki.

Wad Haddad

Lahadi da hantsi direba ya sauka daga kwalta don ya kauce wa wani rami, sai baƙar lakar yankin Jazira ta riƙe ƙafafun motar na baya. Ya ce, "Ya jama'a, turi ɗaya ne, halas, shi ke nan!" Turi ɗayan nan shi muka yi har la'asar. Na sa kafaɗa, na sa baya, takalmina ya tsinke, mota ko gezau. Motocin da ke wucewa kuwa cike suke har kan rufi, babu mai tsayawa.

Na ɗago ina haki na ce wa Sakina, "Malama, wanga fa aiki na ko ba aiki ba?" Da nufin in ba ta dariya na faɗa. Ba ta yi ba, rana take kallo. A nan na gane lokaci na ƙure mana. Sai washegari da asuba wata tarakta ta fizgo mu.

Rufa'a

Mun bi ta Madani, mun haye gada, mun isa ƙofar makarantar goma ta gota, an riga an rufe. Na roƙi mai gadi, na haɗa shi da Allah. Ya ce, "Wallahi baba, da a hannuna yake da na buɗe."

Muna nan tsaye har ɗalibai suka fito. Sakina ta tare wata tsohuwar ƙawarta ta tambaye ta abin da ya fito. Ta ce akwati ne ake turawa a ƙasa, da jifan dutse sama, da saurin igiyar ruwa. Sakina ta durƙusa, ta sa yatsa a ƙasa, ta warware su ɗaya bayan ɗaya. Wani malami da ke wucewa ya leƙa ya ce duk daidai ne. Ta miƙe ta goge da ƙafa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Komawa

Laraba da yamma muka iso gida. Na gode wa Allah da ya maido mu da rai, na gode wa mai taraktar da bayin Allah da muka yi turi tare. Uwarta ta taryo mu da ruwa tana cewa, "Sannunku da aiki!"

Sakina ta miƙa mata littafin ta ce, "Inna, inda munka tashi nan munka komo. Ba mu yi aiki ba."

Wannan karon ban yi gardama da mai littafin ba.