Kikuno da Tanderun Mijinta

Tun da aka kawo Kikuno gidan magina a garin Hagi, aikinta tace yumɓu da faskare. Mijinta Tatsuji ne ke gina kwanukan shayi, irin waɗanda baƙo kan tallafa da hannu biyu, ya sha, sannan ya tsaya kallonsu. Ranar da aka hura tanderu kuwa, iyakarta gindin tudun da tanderun yake kai. Mace ba ta matsawa, wai wuta za ta yi fushi ta fasa kaya. A nan take ajiye wa maza curin shinkafa, ta yi tsaye tana sauraron rurin wutar har ta tsufa.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Tatsuji, ta tafi da bakinsa da hannun dama. Kwanukansa na ƙarshe suna jere a rumfa, ɗanye, ga damina ta matso. Ɗanyen yumɓu kuwa in ya sha laima, ƙasa yake komawa. Abin ya tsaya wa Kikuno a rai.

"Yaya, rufa mana asiri," in ji Genzo, ƙanin mijin, da ya gan ta tana jidar itace. "Ki bari mu nemo namiji."

"To kai mene ne? Kifi ma ƙona shi kake yi. Miƙo gishirin nan."

Ta jera kwanukan a ciki, ta ɗora gishiri da giyar shinkafa a bakin tanderu yadda maza ke yi, ta rusuna, ta kunna. Ta ƙi sauka daga tudun. Ba ta san launin wuta ba, kunne ta sa: in ruri ya yi ƙasa ta jefa itace, in ya yi kauri ta dakata. Genzo dai ya ƙare a miƙo mata itace.

Da aka buɗe, fiye da rabi sun tsage, ta yi kukanta ta share. Cikin sauran akwai wani fari, toka ta narke ta gangaro masa ta gefe guda ta daskare kamar kindirmo. Nan ce fuskarsa, wadda mai gida ke juya wa baƙon da yake girmamawa.

Ta kaɗa koren shayi a ciki, ta ajiye gaban Tatsuji, fuskar na kallonsa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙa hannun hagu, da ƙyar, ya juya kwanon har fuskar ta kalli Kikuno, ya turo mata.