Tukwanen Gas a Zauren Gidanmu

A shekarar da nake aji uku na firamare, wata Talata ranar kasuwa, ana tsakiyar yankan gero, na dawo daga makaranta na iske tsohuwar a-kori-kura tsaye a ƙofar gidanmu a Talata Mafara. Wasu ƙarti suka turo dogayen ƙarafa daga bayanta, suka sako su a kan tsohuwar taya, tim, har kajin Inna suka watse. Tukwanen gas ne guda biyu, ɗaya baƙa doguwa, ɗaya ja gajeruwa. Baba mai walda ne, kuma ran nan ne ya mallaki nasa kayan aiki bayan shekaru yana yi a ƙarƙashin wani. Sai murmushi yake yana shafa su kamar ya sayo ragunan layya. Inna ta leƙo daga bakin zaure, hannunta duk man ƙuli, ta dube su, ta ce, “Malam, wanga abu cikin gida za shi kwana?” Baba ya ce to ina za a bar shi, a rumfa ɓarayi su kwashe? Ta juya ta koma kan tuyarta. Yau da nake da tawa ɗiyar, kuma bango ɗaya ya raba ɗakinmu da shagon gas na maigidana, na san abin da ke cikin ranta ran nan.

Rumfar Baba tana ƙarƙashin wani dogon-yaro a bakin titi, ba nisa da gida. Kullum da safe sai ya kwantar da tukwanen ya gara su da ƙafa, suna ƙara a kan tsakuwa, mu yara muna bin su a baya muna waƙa. Da marece ya garo su, ya jera su kwance a gindin bangon zaure, wanda ta ɗaya gefen nan ne murhun Inna yake, inda take tuyar ƙuli. Mu kam kayan wasa muka samu. Ni da ƙanwata Saratu mukan hau baƙar mu ce mota ce za ta Gusau, Saratu ce direba ni ce mai kiran fasinja. Lokacin bazara, idan ƙasa ta yi zafin da ba ta takuwa, mukan manna kumatunmu a jikin ƙarfen don sanyinsa. Akwai wata hular ƙarfe da ake ɗaurawa a kan bakin tukunyar don kare shi. Baba ya cire ta don tana ɓata masa lokaci, mu kuma muka mai da ita turmi, muna daka ƙasa da ganyen tafasa a ciki muna yi wa 'yan tsanarmu miya. Idan Inna ta gan mu sai ta biyo mu da muciya tana cewa, “Ku tashi nan, abin ga bai san ɗan mai gida ba.” Mu gudu, da ta juya mu dawo. Ta yi wa Baba magana har ta gaji, shi kuma ba masifa yake yi ba, dariya yake, ya ce ƙarfe ne fa, mi zai ci shi.

Ina son kai masa abinci rumfa. Manoma daga Dakko da Morai da Tsibiri sukan kawo masa karyayyar garma, da ƙafar amalanke, da injin ban-ruwan da ya tsage, su zauna a benci suna gaisawa ba ƙarewa, ina gida ina iyali ina ruwa ina gajiya. Shi kuwa ya sa baƙin tabarau, ya ƙyasta ashana, wuta ta fito ja, ya murɗa ta koma shuɗiya siririya. Ya taɓa gaya mani cewa jar tukunyar ce ke ba da wuta, baƙar kuma iska ce mai hura ta. Mutum ne mai kula da kaya. Yana da wata 'yar kwalbar man gyaɗa rataye a ƙusa, da gashin kaza a ciki. Ƙofa ta yi kuka, ya shafa mata. Sarƙar keke, almakashin Inna, har maɓallin takalmina na makaranta. “Duk abin da ya cije, mai yake so,” haka yake cewa, kuma a gidanmu ba mu taɓa ganin dabarar ta ƙi ci ba.

Bayan damina ta gaba, wata safiyar Asabar ina share ƙarƙashin rumfar, ya zo ɗaura agogon nan mai nuna ƙarfin iska a bakin baƙar tukunyar, sai ya ƙi shiga, don danshi ya sa bakin ya yi tsatsa. Wani manomi daga Dakko yana zaune yana jiran garmarsa. Baba ya miƙa hannu ya zaro gashin kaza, ya shafe bakin da mai sosai, ya ɗaura, abin ya shiga sumul, har manomin ya yaba. Daga nan ya murɗa makullin tukunyar. Ba ashana, ba garwashi, ba komai a kusa. Wata ƙara na ji kamar an yaga sabon yadi a cikin kunnena, da wani farin haske, sai ga Baba a ƙasa, hannuwansa biyu a sama, gemunsa yana hayaƙi. Tsintsiya tana hannuna, ban iya sakinta ba, ban iya gudu ba. Mutane suka taru, wannan ya ce a fasa ɗanyen ƙwai, wancan ya ce a zuba gishiri, wani ya ce aikin iskoki ne. Inna ta fito ba mayafi. A kan mashin aka tafi da shi asibiti.

Sai daga baya, da direban da ke kawo tukwanen ya zo gaishe shi, ya ce ai mai da wannan iskar ba su haɗuwa, ko maiƙon hannu ya isa ya tada wuta. Ya faɗe ta kamar abin da kowa ya sani. Baba ya dubi hannuwansa a naɗe, ya ce shi dai ba wanda ya taɓa gaya masa. Yatsun damansa sun lanƙwashe ba su ƙara miƙewa ba. Aka sayar da tukwanen, ƙulin Inna ya zama abincin gidan, ni kuma tiren talla ya hau kaina, ban ƙara ganin aji ba.

Maigidana gas ɗin girki yake ɗurawa. Tukwane ƙanana da manya a jibge a shago, wasu a rana bakin ƙofa, ga mai tuyar awara ta kafa kaskonta a gefe, ga 'yan kabu-kabu suna tsayawa da taba a hannu. Na ba shi labarin Baba ba sau ɗaya ba. Ya ce wannan gas daban, wancan daban, kuma gaskiyarsa ne, ni ba ni da karatun da zan ja da shi. Abin da na samu dai, ya yarda yana gwada yoyo da kumfar sabulu. Da na roƙe shi ya nemi shago nesa da gida, ko ya yi wa mai awara magana, sai ya ce, “Maman Ummi, nan ne abincinmu. Ki bari a ga bayan kaka.” Kaka ta zo ta wuce.

Ummi ta fara tafiya, kuma duk inda na aje ta, ƙofar shagon take nufa, tana son babanta. Na mai da murhuna can ƙarshen gida, na mai da shimfiɗarta ɗakin baya, ina yini goye da ita ko da ta yi nauyi, ina shaƙar iska kamar mai neman abin da ya ƙone. Iyakar ikona ke nan. Wani lokaci nakan yi kewar yarinyar da nake a da, wadda ba ta san komai ba, hankalinta kwance. Yanzu na sani, amma sanin bai matsar da ko tukunya ɗaya ba.