Waƙar da ta rage bayan wa'azi

Kaset ɗari biyu na saro, a cikinsu jarina yake gaba ɗaya, har da kuɗin tumaki uku da na sayar a Kiyawa. Lokacin ban daɗe da buɗe shago a Dutse ba.

Mai waƙar wata malamar firamare ce a Limawa. Ita ta rubuta baitocinta, ita ta tsara kiɗan, ta je Kano aka ɗauka da fiyano da sarewa. Kaset ɗinta na farko ke nan, waƙa takwas masu sanyi, babu kirarin kowa, babu aron karin Indiya. Na saurara sau ɗaya na ce wannan kaya ne. A shekara biyar na sayar da goma sha ɗaya. Samari suka ce ba ya rawuwa. Wani ma'aikacin sakatariya ya tambaye ni wane Alhaji take wasawa, da na ce babu, sai ya ajiye.

Da shari'a ta zo, kasuwa ta koma ta wa'azi. Ni ɗan kasuwa ne. Na toshe ramukan kasakasan da takarda don su karɓi sabon naɗi, na cire hotonta, na naɗi karatun wani malami a kai, kan illar kiɗa. Ban lura ba, ashe karatun bai kai tsawon zaren ba. Malam yana shafa fatiha sai a ji ƙas, muryarta ta shigo da waƙar ƙarshe, ta wata mace da ke jiran motar Buji.

Cikin wata biyu kaya suka ƙare. Dattawa na zuwa neman wa'azin nan mai farin kwali, babu wanda ya taɓa ambaton waƙa. Wani direba da na naɗar wa a sabon zare ya dawo da shi, wai karatun bai cika ba. Malamin ma ya aiko da godiya, ya ce bai san mutanen Dutse sun tsani kiɗa haka ba.

Wata Laraba sai ga malamar Limawa. Ta ce nata kaset ɗin ya tsinke, inda aka ɗauka a Kano kuma an rufe.

"Alhaji, ko guda ɗaya ka ajiye mini?"

Na gaya mata gaskiya, na sa mata wanda nake ji a shago. Zan tura zaren gaba ta ce in bari. Ta zauna a benci ta saurari illar kiɗa kaf, har ta iso kan muryarta.

"To, an dai ji ɗaya," in ji ta.

Na bi sawun sha ɗayan nan, waɗanda na samu duk an naɗi wani abu a kai. Jarina ya dawo, tumakina sun zama tara. Waƙa bakwai kuwa ni na goge su da hannuna, kuma ni kaɗai ne a Dutse na ce suna da kyau.